Yadda nake bin sawun ƙudirin 'yan sanda da kotuna a majalisar jihar Washington

Aikina tafinta. Ina tsayawa tsakanin alƙali da mutumin da Turancinsa bai kai ya kare kansa ba, in kai magana in dawo da amsa. A shekarun farko ban taɓa damuwa da abin da ake tafkawa a Olympia ba, garin da majalisar dokokin jihar Washington take zama. Jihar da ke can kusurwar arewa maso yammacin Amurka nake nufi, ba birnin da fadar shugaban ƙasa take ba. A ganina a lokacin, doka abu ce da aka rubuta tun tale-tale, nawa dai in fassara.

Ranar 25 ga Fabrairun 2021 ce ta raba ni da wannan tunanin. A ranar kotun ƙolin jihar ta yanke hukunci a shari'ar da ake kira Blake, ta soke dokar da ta mayar da mallakar miyagun ƙwayoyi babban laifi, saboda dokar ba ta buƙaci a tabbatar cewa mutum ya san da ƙwayar a jikinsa ba. Abin da jiya yake iya jawo ɗaurin shekara 5, aka wayi gari babu dokar jiha da ta hana shi. Majalisa ta yi maza ta kafa dokar wucin gadi, ta mayar da shi ƙaramin laifi, ta sa mata wa'adin 1 ga Yulin 2023. Da wa'adin ya matso, majalisar wakilai ta kayar da ƙudirin sulhu da zai maye gurbinta a ranar ƙarshe ta zama, sai da gwamna Jay Inslee ya sake kiran su zama na musamman ranar 16 ga Mayu kafin aka samu wata dokar. Ina tsaye a wuri ɗaya, cikin shekara biyu da 'yan watanni, na ga hukuncin aiki iri ɗaya ya sauya sau uku. Tun daga nan nake bin majalisa duk hunturu, kuma abin da zan zayyana a nan shi ne hanyar da nake bi. Ginshiƙinta guda ne: jawabin ɗan majalisa kyauta ne, layin da aka rubuta kuɗi a kai shi nake nema.

Fara da sanin wanda zai biya

Wanda ya taso a ƙasar da 'yan sanda duka na gwamnatin tarayya ne, sai ya fara sauke wannan daga kansa. A Amurka hukumomin 'yan sanda sun kai kusan 18,000. Birni ke biyan 'yan sandansa. Gunduma, kuma Washington na da 39, ita ke biyan sherif, wato shugaban 'yan sandan gunduma, da yaransa, da mai gabatar da ƙara, da gidan waƙafi, da mafi yawan kuɗin lauyoyin da ake ba marasa hali. Jiha kuma tana riƙe da manyan kurkuku, da 'yan sandan babbar hanya, da makarantar horar da 'yan sanda, da kotunan ɗaukaka ƙara. Amma majalisar jiha ce take rubuta mene ne laifi da tsawon ɗaurinsa. Ka ga ke nan mai yanke shawara daban, mai zaro kuɗi daga aljihu sau da yawa daban.

Ga layin da ya kamata ka haddace. Wanda aka yanke wa fiye da shekara ɗaya, kurkukun jiha ake kai shi, jiha ke ciyar da shi. Wanda aka yanke wa shekara ɗaya ko ƙasa da haka, yana zama a gidan yarin gunduma ko na birni. Don haka duk ƙudirin da ya sauko da laifi daga babba zuwa ƙarami, ko ya ɗaga shi, ya kwashe kaya ne daga kan wani ya ɗora wa wani. Idan ka ji wakilan ƙungiyar gundumomi ko ta birane suna kuka a gaban kwamiti kan ƙudirin da kowa ke yaba wa, yawanci wannan ce matsalarsu.

Kwana ɗaya ma yana da nauyi a nan. A 2011 majalisa ta rage iyakar ɗaurin matsakaicin laifi daga kwana 365 zuwa 364. Dalilin kuwa, a dokar shige da fice ta tarayya, hukuncin shekara ɗaya cif yana iya zama sanadin korar baƙo daga ƙasar, ko da yana da takardar zama. Mu da muke baƙi, irin wannan ƙaramin gyaran ya fi shafar mu a kan duk wani dogon jawabi.

Kalanda

Majalisar tana buɗewa Litinin ta biyu a Janairu. A shekarar da lambarta ba ta rabuwa biyu, irin 2025, zaman kwana 105 ne, kuma a nan ake yin babban kasafin shekara biyu da ke fara aiki 1 ga Yuli. A ɗaya shekarar kwana 60 ne kawai, ana yin ƙaramin kasafi na cike giɓi. Mazaɓu 49 ne, kowace da sanata ɗaya da wakilai biyu, wato sanatoci 49 da wakilai 98. Ka shiga leg.wa.gov, ka sa adireshinka, ka rubuta sunayen naka ukun a takarda.

Abu na gaba da za ka buga ka manna a bango shi ne jadawalin wa'adi. A farkon zama majalisa tana tsayar da ranaku: ranar da dole ƙudiri ya fita daga kwamitin da ke duba manufarsa, ranar da zai fita daga kwamitin kuɗi, ranar da zai tsallake zauren da aka haife shi, sannan a maimaita duk wannan a ɗaya zauren. Wanda ya makara a ɗaya daga cikinsu ya mutu. To, amma mutuwar Olympia ba irin wadda muka sani ba ce. Ƙudirin da shugabanni suka ce kasafi ba zai tafi sai da shi, wa'adi ba ya kama shi. Wanda ya mutu a shekarar dogon zama yana iya farfaɗowa a ta gajeren zama da lambarsa. Wani kuma a ɗauki cikinsa a cusa a cikin wani ƙudirin da ke raye, ko a mayar da shi sharaɗi a cikin kasafi. Kada ka yi makoki da wuri, kada kuma ka yi guɗa da wuri.

Ni na yi guɗa da wuri. Akwai wani ƙudiri da nake so ƙwarai, kwamitin farko ya amince da shi ba tare da wata gardama ba, na dinga kiran mutane ina yi musu albishir. Mako biyu bayan haka wa'adin kwamitin kuɗi ya wuce, ko sanya shi a jerin sauraro ba a yi ba. Babu wanda ya kaɗa ƙuri'ar ƙi. Shugaban kwamiti dai bai kira shi ba, shi ke nan, ta leƙo ta koma. Mafi yawan ƙudirori haka suke ƙarewa, shiru, ba a zauren majalisa ba.

Karanta ƙudirin da kanka

Ƙudirin da ya fito daga majalisar wakilai yana da HB a gabansa, lambobinsu na farawa daga 1000. Na majalisar dattawa SB ne, daga 5000. Sau da yawa ana shigar da tagwaye, ɗaya a nan ɗaya a can, don haka in ka ga naka ya tsaya, duba ko ɗan'uwansa na tafiya. Haruffan da ke ƙaruwa a gaba tarihi ne. Idan ka ga S ta shigo, kwamiti ya musanya rubutun da wani sabo. Idan ka ga 2S, an sake musanyawa, galibi a kwamitin kuɗi. E kuwa tana nufin an yi masa gyara a zauren majalisa. Ƙudirin da ya zama E2SHB ya sha hannu sau uku, kuma yana iya yiwuwa suna kawai ya rage masa na asali. Kullum ka buɗe na baya-bayan nan. Na taɓa zama na rubuta wasiƙa mai zafi a kan wani sashe da aka cire tun kwana huɗu da suka wuce, mataimakiyar ɗan majalisar ta ba ni amsa cikin ladabi da layi biyu, kunya ta ishe ni.

A cikin rubutun, abin da aka ja wa layi a ƙasa sabo ne, abin da aka soke da layi a tsakiya cikin baka biyu shi ake cirewa, sauran kuma tsohuwar doka ce da aka kwafo. Mutane da yawa suna tayar da hankali a kan jimlar da ta shekara talatin a littafin doka, don kawai sun gan ta a cikin ƙudiri. Idonka ya bi layukan.

Kalmomi biyu nake fara nema. Inda aka ce shall, wajibi ne. Inda aka ce may, an ba da dama ce, wanda ya ga dama ya yi. A dokar 'yan sanda, bayansu sai ma'aunin zargi. Dubi abin da ya faru da dokar bin mota a guje. A 2021, HB 1054 ya taƙaita wa 'yan sanda bin mota sai a kan wasu manyan laifuka, kuma a mafi yawansu sai da ƙwaƙƙwarar hujja. A 2023 aka sassauta zuwa zargi mai dalili a kan wasu laifuka da aka lissafa. A 2024 majalisa ta karɓi ƙudirin jama'a mai lamba 2113, wanda ya buɗe ƙofar sosai, ya fara aiki a watan Yuni. Duk wannan dambarwar ta shekara uku a kan 'yan kalmomi aka yi ta, waɗanda ba su cika layi ɗaya ba. Haka ma HB 1310 na 2021 kan amfani da ƙarfi: wasu hukumomi suka fassara shi da cewa ba za su iya taɓa mai taɓin hankali don kai shi asibiti ba, sai da majalisa ta dawo a 2022 ta fayyace.

Daga nan sai in tsallaka can ƙarshen ƙudirin, domin a nan gizo ke saƙa. Abu uku nake dubawa. Na farko, sashen da ke cewa idan kasafi bai ware wa wannan doka kuɗi ba, tare da ambaton lambarta, kafin 30 ga Yuni, to dokar ta zama kamar ba a yi ta ba. Kwamitin kuɗi ne ke yawan liƙa wannan. Gwamna na iya sa hannu, a ɗauki hoto, a tafa, amma in babu layin a kasafi, holoƙo ne hadarin kaka. Ɗan'uwansa shi ne jimlar da ke cewa za a yi abu gwargwadon kuɗin da aka ware masa, wadda ba ta kashe doka, tana dai barin ta da yunwa. Na biyu, ranar fara aiki. In ba a faɗa ba, kwana 90 ne bayan rufe zama, amma akan tura wani sashe shekara ɗaya ko biyu gaba don kuɗinsa ya faɗa wa kasafin da ba a rubuta ba tukuna. Na uku, sashen gaggawa, wanda ke sa doka ta fara aiki nan take, kuma yana toshe wa jama'a hanyar tara sa hannu don kai ta ƙuri'ar raba gardama. A dokar hukunci kuma ka duba ko ta waiwayi baya, wato ko waɗanda ke ɗaure yanzu za su amfana. Iyalai da yawa sun sa rai a kan dokar da ta shafi masu zuwa gaba kawai.

A shafin kowane ƙudiri akwai rahoton da ma'aikatan kwamiti suka rubuta, waɗanda ba na jam'iyya ba ne. Yana bayyana dokar da ake da ita, da abin da zai sauya, da waɗanda suka zo ba da shaida. Wannan jerin sunayen taswira ce. Za ka ga ƙungiyar sherif-sherif da shugabannin 'yan sanda, ƙungiyar masu gabatar da ƙara, lauyoyin marasa hali, masu kare haƙƙin ɗan'adam, iyalan waɗanda aka kashe. Ranar da ka ga masu gabatar da ƙara da lauyoyin kare waɗanda ake tuhuma sun tsaya a gefe ɗaya, ka san ko dai ƙudirin zai wuce, ko kuma dukansu kuɗi suke nema.

Takardar ƙiyasin kuɗi

Wannan ita ce takardar da na fi so, kuma ita mutane suka fi tsallakewa. A shafin sunanta Fiscal Note. Ofishin kasafi na gwamna ke tattara ta, kowace hukuma da abin ya shafa tana faɗin abin da zai ci mata, galibi na shekara shida: zangon kasafin da ake ciki da biyu masu zuwa. Kada ka tsaya a shafin farko. Shiga ciki, inda suke bayyana zaton da suka gina lissafi a kai. Hukumar kurkuku za ta ce ƙarin gado nawa za ta buƙata. Ofishin kotuna zai ce ƙarin zaman shari'a nawa. Akwai kuma ɓangare na daban na ƙananan hukumomi, inda ake lissafa kuɗin gidan yari, da mai gabatar da ƙara, da lauyan marasa hali.

Abu biyu ka lura da su. Ƙudirin ƙara tsawon ɗauri kan fito da arha a shekarun farko, domin mutumin da ma yana ciki, ƙarin shekarun sai can gaba za su fara ci. Ka duba ginshiƙi na ƙarshe. Sannan sau da yawa za ka ga an rubuta cewa ba a iya ƙayyade adadin ba. Wannan ba ya nufin kyauta ne. Yana nufin za a kashe, ba a dai san nawa ba, kuma a dokar laifuka nauyin da ba a ƙayyade ba yakan gangara ne kan gunduma. Idan an musanya ƙudiri, tsohuwar takardar ta daina aiki, jira sabuwa.

Kasafin kansa

Kasafi uku ne a Washington: na gudanarwa, na gine-gine, da na sufuri. Wanda ya nemi kuɗin 'yan sandan babbar hanya a na gudanarwa kawai zai ɗauka an yashe su, alhali mafi yawan kuɗinsu yana cikin na sufuri. Gyaran kurkuku ko gina sabon asibitin masu taɓin hankali yana cikin na gine-gine. A na gudanarwa ma a warwatse suke: kotuna, da ofishin lauyoyin marasa hali, da babban lauyan jiha suna kashi na farko, hukumar kurkuku da hukumar horar da 'yan sanda kuma suna kashi na biyu, tare da lafiya da jin daɗin jama'a. Wanda ya ce maka ga jimillar abin da aka ware wa tsaro, tambaye shi waɗanne ya haɗa.

Gwamna ke fara fitar da nasa a Disamba. Ka karanta shi a matsayin tayi, ba ciniki ba. Bayan an fitar da sabon hasashen kuɗin shiga, wanda a shekarar dogon zama yakan zo a Maris, sai majalisar dattawa ta fito da nata, ta wakilai ta fito da nata, sannan 'yan kaɗan daga ɓangarorin biyu su shige ɗaki su daidaita. Abin da ya fito daga ɗakin ba a yi masa gyara, ko a karɓa ko a ƙi. Tsakanin fitar da kasafi da zaman jin ra'ayi a kansa wani lokaci kwana ɗaya ne ko ƙasa da haka, littafin kuma ɗaruruwan shafuka. Ba na karanta shi duka, ba na kuma jin akwai mai yi. Ina sauke shi, in danna Ctrl da F, in sa lambar ƙudirin da nake bi. In ta fito, zan ga sakin layi da ke cewa an ware kaza don wannan doka kaɗai, kuma in ba ta wuce ba kuɗin ya koma. In ba ta fito a na dattawa ko na wakilai ba, na san inda aka dosa. In ta fito a ɗaya kawai, to wannan makon ne na kiran waya, domin bayan an fito daga ɗaki ihu bayan hari ne.

A fiscal.wa.gov ana jera kasafin gwamna da na dattawa da na wakilai gefe da gefe, hukuma bayan hukuma. A nan ka bambance abu biyu da ake yawan cakuɗawa a jawabi. Akwai kuɗin ci gaba da abin da ake yi, wanda ke ƙaruwa da kansa saboda yawan fursunoni ya ƙaru ko farashi ya tashi. Akwai kuma kuɗin sabuwar manufa. Ɗan siyasa na iya cewa an ƙara wa hukuma miliyoyi, alhali duka na farkon ne, ba a ƙara ko ma'aikaci ɗaya ba. Sai tambaya ta biyu: kuɗin na sau ɗaya ne ko mai ɗorewa? Tun 2012 doka ta wajabta kasafin gudanarwa ya daidaita a hangen shekara huɗu, don haka ba da kuɗi sau ɗaya ya fi wa majalisa sauƙi.

Misalin 2025 ya nuna wannan a fili. Jihar ta daɗe tana can ƙasan jeri a yawan 'yan sanda idan aka kwatanta da yawan jama'a, sabon gwamna Bob Ferguson kuma ya dage sai an ware dala miliyan 100 don taimaka wa birane da gundumomi ɗaukar ma'aikata. An ware, ta hanyar HB 2015. Amma tallafi ne mai sharuɗɗa, dokar kuma ta ba ƙananan hukumomi damar ƙara kashi 0.1 cikin ɗari a harajin saye da sayarwa. Ɗan sandan da aka ɗauka bana, albashinsa na nan shekara ashirin masu zuwa, tallafin kuwa yana da ƙarshe. Harajin shi ne amsar tambayar wa zai biya daga baya. Sannan kowane sabon ɗauka sai ya yi horon awa 720 a makarantar jiha, don haka in ba a ƙara ajujuwa a kasafin hukumar horarwa ba, sai a yi ta jiran layi. Kuma kowane ƙarin kamu yana buƙatar mai gabatar da ƙara, da lauyan wanda aka kama, da alƙali, da wani lokaci irina. Ni dai duk kasafin da ya cika bakin ƙofa ya bar cikin gida fayau, ba na yaba masa, ko daga wace jam'iyya ya fito. Na sha tsayawa kusa da mutumin da aka ɗage shari'arsa karo na uku don ba a samar masa lauya ba, ina fassara masa kalmar da ya riga ya gane.

Wani kuɗin kuma ba zaɓin majalisa ba ne, kotu ce ta tilasta. A shari'ar Trueblood, kan waɗanda ake tsare da su suna jiran a duba ko hankalinsu ya kai a yi musu shari'a, kotun tarayya ta ci jihar tarar dala miliyan 100 a 2023. Mayar wa mutane tarar da suka biya a ƙarƙashin dokar da Blake ta soke shi ma a kasafi yake. Irin waɗannan sukan cinye wurin da sabon shiri zai zauna.

Idan za ka yi magana

Kowa na iya sa sunansa a kan ƙudirin da za a saurara, ta intanet, ya zaɓi goyon baya, ko adawa, ko tsaka-tsaki. Kana iya tsayawa a nan, kana iya aika rubutacciyar shaida har zuwa awa 24 bayan fara zaman, kana kuma iya neman yin magana, ko a Olympia ko daga ɗakinka ta bidiyo. Rajistar magana tana rufewa awa ɗaya kafin zama. Za a ba ka minti biyu, in mutane sun yi yawa ɗaya, kuma ba kowa ake kira ba. Faɗi sunanka, faɗi matsayarka a jimlar farko, kawo abu ɗaya da ka gani da idonka, ka ambaci sashen da kake so a gyara da lambarsa. Ka gwada da agogo a gida. Minti ɗaya bai kai gaisuwarmu ba.

Ka sani tashar TVW tana ɗaukar zaman kai tsaye, tana kuma ajiye shi, sunanka yana shiga kundin da kowa ke iya gani. Wanda ke da shari'a a gaban kotu, ko ɗansa, ko takardun zamansa ba su kammala ba, kada ya buɗe baki a kan lamarinsa sai ya tambayi lauyansa. Ni ma in zan yi magana, da sunan kaina nake yi, ba na kawo labarin kowa da za a iya gane shi, domin abin da na ji a bakin aiki amana ce.

Gaskiya kuma, wasiƙa gajera zuwa ga wakilan mazaɓarka, da lambar ƙudiri a sama da adireshinka a ƙasa, ta fi minti ɗayan nan aiki, musamman in ɗaya daga cikinsu yana kwamitin kuɗi.

In kana wata jihar

Ƙashin bayan iri ɗaya ne, ranaku da sunaye ne suka bambanta. Nebraska zaure ɗaya gare ta. Texas, Nevada, Montana da Dakota ta Arewa shekara bibbiyu suke zama, Texas na kwana 140. Jihohi 46 suna fara shekarar kuɗi 1 ga Yuli, New York 1 ga Afrilu, Texas 1 ga Satumba, Alabama da Michigan 1 ga Oktoba. A wasu jihohin kuma jama'a ke yin dokar hukunci da ƙuri'arsu, kamar yadda California ta sassauta a 2014 ta kuma tsaurara a 2024.

Bayan sa hannu

Ƙudiri ya wuce zaure biyu, tsugune ba ta ƙare ba. Gwamnan Washington na iya soke sashe guda ya bar saura, a kasafi kuma yana iya soke layin kuɗi ɗaya, kuma sai da kashi biyu cikin uku na kowane zaure ake ture shi. Yana da kwana 5 in majalisa na zaune, kwana 20 in ta tashi. Don haka nakan jira wasiƙar da yake aikawa da abin da ya soke, in sake danna Ctrl da F a kanta.

Sai in ɗauko littafina in rubuta abu huɗu a ƙarƙashin lambar dokar: ranar da za ta fara aiki, hukumar da aka ɗora wa, adadin da aka ware a kowace shekara, da ranar da aka ce hukumar ta kawo wa majalisa rahoto. Rahotannin nan ana ɗora su a shafin majalisa, kuma a cikinsu ake ganin ko an ɗauki ma'aikatan, ko kuɗin na nan kwance ba wanda ya cika sharaɗin karɓa. Wajen Oktoba nakan leƙa zaman kasafin gundumata, domin a can ake sanin ko an ƙara lauya ko an ƙara gado. A Disamba 'yan majalisa suna fara shigar da sababbin ƙudirori tun kafin a buɗe zama, kasafin gwamna kuma ya fito, sai in buɗe sabon shafi.